Amsoshin Takardunku: Wane Ne Neil Young, Kuma Me Ya Haɗa Shi Da Manoma?

Barkanmu da sake saduwa a wannan fili namu na amsoshin takardunku, inda kuke aiko mana da tambayoyi, mu kuma mu bincika mu ba ku amsa daidai gwargwado. A wannan mako takarda guda za mu ɗauka, domin amsarta tana da ɗan tsawo.

Takardar ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi kuma mai sayar da hatsi a ƙasar Funtuwa. Bayan gaisuwa, ya ce ya ji an ambaci wani tsohon mawaƙin Turawa mai suna Neil Young, wai shekara da shekaru yana yin wasa kyauta don a tara wa manoma kuɗi. Yana so ya san ko wane ne mutumin, ɗan wace ƙasa ne, kuma wane irin kiɗa yake yi. Ya ƙara da cewa abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, yaya za a ce manomin Amurka, mai tarakta da injin girbi, yana bukatar taimakon makaɗi?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Sai ka gyara zama, ga amsa.

Irin kiɗan da yake yi

Kiɗan da Neil Young ya shahara a kansa shi ake kira kiɗan rok. Wannan kiɗa a Amurka ya tsiro wajen shekarun 1950, daga haɗuwar kiɗan baƙaƙen fata na can da kuma kiɗan Turawan karkara. Cikin waɗanda suka fara fito da shi akwai Chuck Berry da Little Richard da Elvis Presley. Kayan aikinsa su ne jita mai amfani da lantarki, da wata jitar mai kaurin murya, da ganguna. Ƙara gare shi ainun, shi ya sa dattawan wancan zamani suka riƙa cewa hayaniya ce kawai.

A ƙasashen Turawa sau da yawa wani ne yake tsara waƙa, wani dabam ya rera. Amma akwai waɗanda su ne masu tsarawa, su ne masu rerawa, su ne kuma masu kaɗa jitarsu. Neil Young yana cikin waɗannan. In kana son misali na kusa, ka tuna marigayi Ɗan Maraya Jos, yadda yakan zauna shi kaɗai da kuntiginsa ya yi waƙar da ya ƙirƙira da kansa. Haka Neil Young yakan yi wani lokaci, daga shi sai jitar katako da wata 'yar abar busawa da yake ratayawa a wuya. Wani lokaci kuma ya haɗu da abokan kiɗansa su saki ƙarar da sai ka toshe kunne. Muryarsa siririya ce, tana ɗan rawa, ba irin wadda ake cewa zaƙin murya ba. Duk da haka ya fitar da faya-fayai fiye da 40.

Haihuwa da ƙuruciya

Ba Ba'amurke ba ne asalinsa. An haife shi a birnin Toronto na ƙasar Kanada ran 12 ga watan Nuwamba 1945. Mahaifinsa, Scott Young, sanannen ɗan jarida ne mai rubutu a kan wasanni. Yana ƙarami suka koma wani ɗan ƙauye da ake kira Omemee a lardin Ontariyo. A can ne a 1951, yana da shekara 5, annobar shan inna ta ɓarke ta kama shi. Ya kwanta asibiti, ya tashi da rauni a ɓangaren jikinsa na hagu. A lokacin ba a samo allurar rigakafin cutar ba tukuna, sai a 1955 aka fara amfani da ita. Ka riƙe wannan magana ta shan inna, za mu sake komowa kanta.

Abin da zai ba ka sha'awa, sana'arsa ta farko kiwon kaji ce. Yana ɗan makaranta ya tara kaji a bayan gida, yana bi gida-gida yana sayar da ƙwai, kuma burinsa a lokacin shi ne ya zama manomi. Amma tun bai cika shekara 15 ba iyayensa suka rabu. Ya bi mahaifiyarsa zuwa birnin Winnipeg a 1960, ya mai da hankalinsa kacokan kan jita, har ya bar makarantar sakandare bai gama ba. Ya kafa wata ƙungiyar kiɗa ta samari, suna yawo garuruwa suna wasa a ba su abin da bai taka kara ya karya ba.

Tafiya Amurka cikin motar gawa

A farkon 1966 ya shiga wata ƙungiya a Toronto wadda har wani babban kamfanin faifai ya ɗauke ta. Ana cikin haka aka kama jagoran mawaƙansu, Rick James, saboda ya gudu daga aikin sojan ruwa na Amurka. Ƙungiya ta watse. Sai Neil Young da abokinsa Bruce Palmer suka sayar da kayan kiɗa, suka sayi tsohuwar motar ɗaukar gawa, suka kama hanyar Los Angeles, tafiyar dubban kilomita. Ya fi son irin wannan mota ne domin bayanta da faɗi, tana ɗaukar kayan kiɗa da yawa.

Sun yi kwanaki suna neman wani makaɗi da ya sani tun a Kanada, Stephen Stills, ba su same shi ba. Har sun yanke shawarar barin garin, sai ga shi an haɗu a cikin cunkoson motoci, domin motar gawa mai lambar Kanada ba ta ɓoyuwa. Daga nan suka kafa ƙungiyar Buffalo Springfield. Sunan kuwa a jikin wani injin daɓe titi suka gan shi. Shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa ba shi da takardar izinin aiki a Amurka sai a 1970. A waɗannan shekaru ne kuma ciwon farfaɗiya ya bayyana gare shi, har yakan faɗi ana tsakiyar wasa.

Ƙungiyar ba ta daɗe ba, ta watse a 1968 saboda rashin jituwa. A 1969 ya samu wasu makaɗa da ake kira Crazy Horse, waɗanda ya riƙa rabuwa da su yana komawa har fiye da shekara hamsin. A wannan shekarar kuma ya shiga cikin wasu mawaƙa uku, Crosby da Stills da Nash, ya zama na huɗunsu. Tare suka yi wasa a babban taron Woodstock a watan Agusta 1969, wanda aka yi a gonar wani mai kiwon shanun madara a jihar New York, inda mutane wajen 400,000 suka hallara.

Waƙar ɗalibai huɗu

Ran 4 ga watan Mayu 1970, ɗaliban jami'ar Kent State a jihar Ohio suna zanga-zangar ƙin yaƙin Biyetnam da shigar sojan Amurka cikin Kambodiya, sai dakarun tsaron jihar suka buɗe musu wuta. Huɗu suka mutu, tara suka ji rauni. Da Neil Young ya ga hotunan a mujalla, nan take ya tsara waƙa mai suna Ohio, ya kuma ambaci sunan Shugaba Nixon a ciki ƙarara. Cikin 'yan makonni ta shiga kasuwa. Wasu gidajen rediyo suka ƙi sa ta, amma hakan bai hana ta bazuwa ba. Tun daga nan aka san shi da mutum ne wanda ba ya rufe baki in ya ga abin da bai yarda da shi ba. Haka ya sake yi a 2006, ya fitar da faifai sukutum yana sukar Shugaba George Bush ƙarami a kan yaƙin Iraƙi.

Girbi, da abin da ya biyo baya

Da kuɗi suka fara shigowa, a 1970 ya sayi makeken fili na kiwo a arewacin Kalifoniya, ya zauna a can fiye da shekara arba'in. Ciwon baya ya kama shi har ya kasa tsayuwa da jitar lantarki mai nauyi, sai ya koma yin waƙoƙi masu sanyi a zaune. Su ne aka tara a faifan da ya kira Harvest, wato Girbi, wanda ya fito a 1972 ya kuma fi kowane faifai ciniki a Amurka a shekarar. Waƙarsa ɗaya tak da ta taɓa zama ta farko a jerin waƙoƙin ƙasar daga cikinsa ta fito.

To amma daɗi bai daɗe ba. Makaɗin jitar Crazy Horse, Danny Whitten, ya faɗa shan miyagun ƙwayoyi har ya kasa riƙe kiɗa. A watan Nuwamba 1972 Neil Young ya sallame shi daga wurin gwaji, ya ba shi dala 50 da tikitin jirgi. A daren ranar aka iske shi ya mutu, ya haɗa ƙwaya da giya. Bayan 'yan watanni wani mai ɗaukar musu kaya shi ma ƙwaya ta kashe shi. Abin ya tsaya wa Neil Young a rai shekaru masu yawa. Kamfani da masu saye suna jiran ya sake yin irin Girbi, shi kuwa sai ya fitar da faya-fayai masu ɗaci, na makoki, waɗanda ba su yi kasuwa sosai ba. Yau masana kiɗa suna lissafa su cikin mafi kyawun aikinsa. Kada kuma a ɗauka shi waliyyi ne. A littafin tarihinsa na 2012 ya faɗa da kansa cewa ya daɗe yana shan giya da tabar wiwi.

Kamfaninsa ya kai shi ƙara

'Ya'yansa maza biyu an haife su da wata larura ta ƙwaƙwalwa mai hana yaro sarrafa gaɓoɓinsa. Na biyun, wanda aka haifa a 1978, abin ya fi tsanani a kansa, ba ya tafiya, ba ya magana. Neil Young da matarsa ta lokacin, marigayiya Pegi, sun shafe watanni suna yi masa aikin motsa jiki na sa'o'i masu yawa kullum. Cikin wannan hali ya yi wani faifai inda ya bi da muryarsa ta cikin na'ura har ba a gane abin da yake faɗa. Daga baya ya bayyana cewa yana nuna yadda yake ji ne in yana ƙoƙarin fahimtar ɗansa. Jama'a kuwa ba su san dalili ba, suka ce ya zautu.

Kamfanin Geffen da ya ɗauke shi a 1982 ya ga ciniki ya ja baya, sai a 1983 ya kai shi kotu yana neman fiye da dala miliyan 3, wai waƙoƙin da yake kawowa ba su yi kama da na Neil Young ba. Ka ji fa, an kai mutum ƙara don bai yi kama da kansa ba! Shi ma ya shigar da tasa ƙarar. A ƙarshe aka sasanta, mai kamfanin ya nemi afuwa. A 1986 shi da Pegi suka taimaka aka kafa makarantar Bridge domin yara masu irin larurar ɗansu, suka kuma riƙa shirya mata wasan tara kuɗi kusan kowace shekara har 2016.

Yadda manomin Amurka ya shiga uku

Yanzu sai mu zo kan abin da ya fi ɗaure maka kai. Gaskiya ne manomin Amurka yana da tarakta da injin girbi, amma galibi da bashin banki ya saye su, gonarsa ce kuma jingina. Hausawa suka ce bashi hanji ne, yana cikin kowa.

A shekarun 1970 hatsi ya yi daraja, musamman bayan Tarayyar Sobiyet ta sayi alkama mai ɗimbin yawa a 1972. Gwamnati ta ce wa manoma su faɗaɗa, bankuna suka yi ta ba da rance, kuɗin gona ya yi ta hawa. Manoma suka ci bashi suka ƙara fili da injuna. Sai abubuwa uku suka faɗo musu kusan lokaci guda. Na farko, a watan Janairu 1980 Shugaba Carter ya hana sayar wa Sobiyet hatsi saboda ta mamaye Afganistan. Na biyu, babban bankin ƙasar ya ɗaga kuɗin ruwa don ya karya tsadar kaya, har ya haura kashi 20 cikin ɗari. Na uku, hatsi ya yi yawa a kasuwar duniya, farashi ya faɗi.

Kai da kake sayar da hatsi ka san sauran labarin. Abin da ake samu a buhu ya ragu, abin da ake biyan banki ya ƙaru. Darajar gonar da aka jinginar ita ma ta zube, a wasu jihohi ta koma rabi. Banki ya ga jinginarsa ba ta kai bashinsa ba, sai ya ƙwace gona ya yi gwanjonta. Dubban iyalai suka rasa gonakin da suka gada kaka da kakanni, wasu manoma har suka kashe kansu. Da manoma suka karye, masu kantuna da masu sayar da taki da ƙananan bankunan karkara su ma suka bi su.

Taimakon manoma

Ran 13 ga watan Yuli 1985 aka yi wani gagarumin wasa a biranen Landan da Filadelfiya don taimaka wa mutanen Habasha da yunwa ta addaba, wato farin nan na 1984 da ya taɓa har Nijar da sauran ƙasashen Sahel. Neil Young yana cikin waɗanda suka yi wasa. A wurin ne mawaƙi Bob Dylan ya ce da ma a ɗebi wani abu daga kuɗin a rage wa manoman Amurka bashi. Wasu suka ji haushin maganar, amma ta shiga kunnen wani mawaƙin karkara, Willie Nelson. Shi da Neil Young da John Mellencamp suka haɗa kai suka kafa Farm Aid, ma'ana taimakon gona.

Wasan farko an yi shi ran 22 ga watan Satumba 1985 a garin Champaign na jihar Illinois. Mutane wajen 80,000 suka zo, aka tara fiye da dala miliyan 7. Mawaƙan ba a biyansu ko sisi. Sai dai ka sani, wannan kuɗi ko kusa bai isa biyan bashin manoman ba, domin bashin na biliyoyi ne. Abin da aka yi da shi shi ne ba da agajin gaggawa ga iyalan da suka rasa na abinci, da tallafa wa ƙungiyoyin da ke samar wa manomi lauya da mai ba da shawara kafin ya fuskanci banki, da kafa lambar waya da manomin da ya shiga ƙunci zai kira. Babban amfaninsa kuwa shi ne ya sa mutanen birni suka san halin da ake ciki a karkara. Aka kai manoma gaban majalisar dokoki suka yi bayani da bakinsu, a 1987 kuma majalisa ta yi dokar rancen noma wadda ta tilasta wa hukumomin rance su duba yiwuwar sassauta bashi kafin su ƙwace gona. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.

Masu shirin sun zaci sau ɗaya za a yi a gama. Ga shi an yi bikin cikarsa shekara 40 a birnin Minneapolis a watan Satumba 2025, da Neil Young a kan dandali, an kuma tara fiye da dala miliyan 80 tun daga farko.

Rigimar iri

A 2015 ya fitar da faifai guda yana sukar kamfanin Monsanto mai sayar da irin shuka da aka sauya wa halitta. Tushen rigimar shi ne, kamfanin yana da haƙƙin mallakar irin, wanda ya saya kuma sai ya sa hannu cewa ba zai ajiye daga abin da ya girba ya sake shukawa baɗi ba. A 2013 kotun ƙolin Amurka ta ba kamfanin gaskiya a shari'arsa da wani manomin waken suya na jihar Indiana. Kamfanin yana cewa ya kashe kuɗi da shekaru wajen bincike, kuma manoma da yawa da kansu suke zaɓar irin don yana rage musu aikin ciyawa da ɓarnar tsutsa. Neil Young da masu ra'ayinsa suna cewa manomin da ba shi da ikon ajiye iri ya zama ɗan haya a gonarsa. Kamfanin Bayer na Jamus ya saye Monsanto a 2018, muhawarar kuwa ba ta ƙare ba.

Waƙa ma dukiya ce

'Yan kasuwa za su so su ji yadda mawaƙi irin wannan yake samu. A can waƙa kamar gona ce da aka ba da haya. Duk lokacin da gidan rediyo ya sa ta, ko wani ya saurara ta intanet, akwai ɗan abin da zai shiga aljihun mai ita. Neil Young ya daɗe yana ƙin bai wa kamfanoni waƙoƙinsa su yi tallar kaya da su, har a 1988 ya yi waƙa yana yi wa masu yin haka shaguɓe. A watan Janairu 2021 ya sayar wa kamfanin Hipgnosis na Ingila rabin haƙƙin waƙoƙinsa 1,180, jaridu kuma suka ƙiyasta cinikin da wajen dala miliyan 150.

A watan Janairu 2022 ya ce wa kamfanin Spotify, inda miliyoyin mutane suke jin waƙa ta waya, ko dai su daina yaɗa shirin wani mai suna Joe Rogan, wanda ya zarga da baza ƙarya a kan allurar rigakafin korona, ko su cire waƙoƙinsa. Suka zaɓi cire nasa, ya kuma yi asarar kuɗi mai yawa. A nan ne maganar shan inna ta dawo. Mutumin da cuta ta kama shekara 4 kafin a samo rigakafinta ba zai ɗauki zancen allura da wasa ba. Mawaƙiya Joni Mitchell, wadda ita ma shan inna ta kama tana yarinya a Kanada, ta bi sahunsa. A watan Maris 2024 ya mai da waƙoƙin, yana cewa tun da shirin ya bazu a sauran kamfanoni, ba zai iya ƙaurace musu duka ba.

A 2005 an yi masa aiki saboda kumburin jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, ya kuma warke. Ya zama ɗan ƙasar Amurka a watan Janairu 2020 ba tare da ya saki ta Kanada ba. A watan Yuni 2025 ya jagoranci wasa a babban taron Glastonbury na Ingila, a watan Nuwamba na shekarar kuma ya cika shekara 80 da haihuwa.

To Malam, ka ji tarihin Neil Young a taƙaice, ka kuma ji cewa injin girbi ba ya hana banki ƙwace gona in farashi ya faɗi kuɗin ruwa ya hau. Muna fata ka gamsu. Sauran waɗanda takardunsu ke hannunmu, ku yi haƙuri, layi zai zo kanku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.